Faifan garmaho mai lilon murya: laifin faifai ne ko na na'ura?

Wannan shafi na masu juya faifan roba ne, ko sabo da aka sayo a leda ko tsohon da aka gada a akwatin baba. Yawancin tambayoyin suna komawa wuri guda: mutum ya ji sauti ba daidai ba, ya ɗora wa na'ura laifi, ya kashe kuɗi, matsala kuma tana nan inda take.

Na sayi garmaho mai tsada, takardarsa ta ce gudunsa ba ya tangarɗa, amma ina jin fiyano yana lilo. Ina matsalar take?

Takardar ba ƙarya ta yi ba, farantin da faifai ke zama a kansa take magana. Kunnenka kuwa ba ruwansa da faranti. Abin da yake ji shi ne saurin da tsagar faifai take wucewa a ƙarƙashin allura. In faifan lafiyayye ne, su biyun tafiyarsu ɗaya. In hujin tsakiya ya kauce, ko faifan ya lanƙwashe, sai faranti ya yi ta juyawa daidai, tsagar kuma tana sauri tana lafawa a ƙarƙashin allura. Sauri ya ƙaru, murya ta yi sama. Ya ragu, ta yi ƙasa.

Babban faifai yana zagaye 33⅓ a minti, tun da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948. Zagaye ɗaya sakan 1.8 ke nan. Saboda haka lilon da kaucewar huji ke jawowa yana da ƙa'ida: hawa ɗaya, sauka ɗaya, duk sakan 1.8, ba fashi. A ƙaramin faifai mai zagaye 45, wanda RCA Victor ya kawo a 1949, lilon yana dawowa duk sakan ɗaya da sulusi.

A takardar na'ura za ka ga layin da aka rubuta wow and flutter. Na farko shi ne wannan lilo mai tafiya a hankali, na biyu kuma karkarwa ce mai sauri wadda ke sa murya ta yi gurgura. Lilo yawanci daga faifai yake. Karkarwa yawanci daga inji take.

Yaya huji zai kauce alhali inji ne ya buga faifan?

Saboda tsagar da hujin ba lokaci ɗaya aka tsara su ba. Da farko ana yanka waƙar a kan faifan asali mai laushi. Daga shi ake fitar da hatimin ƙarfe ta hanyar wankan sinadari da lantarki. Wannan hatimi sai an nemo tsakiyarsa an huda kafin a ɗaura shi a injin bugawa, kuma ma'aikaci ne ke nemowa, yana juya shi yana kallon tsagar a madubin ƙara girma har ta daina kai-kawo. In ya yi gaggawa, ko hatimin ya goce wajen ɗaurawa, duk faifan da ya fito daga wannan hatimi zai ɗauko cutar, ko dubu nawa ne.

Hatimi biyu ne ke matse curin roba mai zafi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Shi ya sa za ka tarar fuska ta farko lafiya lau, ta biyu tana lilo, a faifai guda mai huji guda. Mutane da yawa wannan ne ke ruɗa su, su ce ai da faifan ne da duka ɓangarorin za su yi.

Akwai kuma hujin da ya yi wa ƙusar tsakiya yawa. Faɗinsa a ƙa'ida milimita 7.24 ne, amma tsohon faifan da ya sha sawa da cirewa, musamman a na'urorin da ke jera faya-fayai suna sako su ɗaya bayan ɗaya, hujinsa kan buɗe. Irin wannan yau ka ɗora shi ya zauna daidai, gobe ya zauna a karkace.

Kaucewar rabin milimita har ta isa a ji ta?

Ta isa, har ta yi yawa. Lissafin ba wuya: ka raba girman kaucewar da nisan allura daga tsakiya. A bakin faifai allura tana nisan milimita 146 ko kusa da haka, a waƙar ƙarshe kuma kusan 60. In kaucewar rabin milimita ce, a farkon faifai gudu zai riƙa hawa da sauka da kashi 0.34 cikin 100. Kafin a kai ƙarshe ya zama kashi 0.83. Kaucewar ba ta ƙaru ba, da'irar ce ta ƙanƙance, sai rabin milimitar ya zama babban kaso a cikinta.

Don ka kwatanta, tazarar da ke tsakanin maɓalli ɗaya da na kusa da shi a fiyano kusan kashi 6 ce cikin 100. Kashi 0.83 sama, 0.83 ƙasa, idan ka haɗa ya haura rubu'in wannan tazara. Ko wanda bai san kiɗa ba zai ji wani abu yana yawo.

Ƙa'idar duniya ta buga faifai ta yarda da kaucewar da ba ta wuce milimita 0.2 ba. Ko wannan halastacciyar tana ba da kashi 0.14 a farko da 0.33 a ƙarshe. Na'urar Technics SL-1200MK2, wadda ta fito a 1979 kuma masu kiɗan biki a duniya suka riƙe ta shekaru da dama, takardarta ta ce tangarɗar gudunta kashi 0.025 ce cikin 100. Gaskiya ma'aunin biyu ba iri ɗaya ba ne, domin na takarda matsakaici ne kuma an rage wa lilo mai jinkiri nauyi a cikinsa, tunda kunne ya fi kama tangarɗar da ke kusa da sau huɗu a sakan. Duk da haka ratar tana nan. A na'ura mai kyau, faifan ne ke ja da baya.

Yaran da ke ƙera motar kara sun san wannan. In suka yanko taya daga tsohon silifas suka huda ta ba a tsakiya ba, ko da wane irin natsuwa aka tura motar sai ta yi ɗingishi.

Me ya sa a wasu waƙoƙin nake jin lilon, a wasu ba na ji, alhali faifai ɗaya ne?

Kayan kiɗan ne suka bambanta. Fiyano, da zarar an buga maɓalli, muryarsa ba ta da ikon motsawa, kuma kunne ya san haka, sai ya kama duk wani motsi nan take. Haka ogan, haka ƙararrawa, haka algaita ko sarewa in aka ja dogon numfashi a murya ɗaya. Kalangu kuwa aikinsa ke nan ya hau ya sauka yayin da makaɗi ke matse tsarkiya a hammata, don haka lilon faifai yana ɓacewa a cikinsa. Ganga da tafi gajeru ne, ba su daɗe ba balle a ji sun karkace. Muryar mawaƙi tana tsakiya: tana ɓoye kaɗan, amma in ya ja baiti ya tsaya a kansa, za ka ji.

Ga kuma wurin da waƙar ta faɗo. Waƙa mai sanyi da fiyano a ƙarshen fuska ita ce mafi rashin sa'a.

To ta yaya zan tabbatar faifan ne ba na'urar ba, kafin in kai wa mai gyara?

Ka fara da ido. Ɗora allura, ka sunkuya ka kalli kan hannun da ke riƙe da allurar daga sama. A faifai mai kyau hannun kamar a tsaye yake, tafiyarsa zuwa ciki ba ta ganuwa. In ka ga yana zuwa dama yana dawowa hagu sau ɗaya a kowane zagaye, huji ne. Faɗin wannan kai-kawo ninki biyu ne na kaucewar: in ya yi milimita ɗaya, kaucewar rabi ce. Kada ka yi hukunci da bakin faifan ko takardar tsakiya, domin su kan iya karkacewa tsagar tana daidai. Allura ce shaida.

Sannan ka sa kunne. Lilon ya fi tsanani a ƙarshen fuska fiye da farko? Faifai ne. Ƙarfinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma a kowane faifai ka sa? Nan ka koma kan na'ura. Bel, wato zoben robar da inji ke juya faranti da shi, da ya saki ko ya yi santsi, boris ɗin tsakiya da mansa ya bushe, ko, a tsofaffin na'urori irin Garrard 301 da Thorens TD 124, 'yar tayar roba da ke tsakanin inji da faranti in ta taurare ko gefenta ya lotsa. Bel abu ne mai arha kuma zafinmu yana cinye shi da wuri, don haka shi za ka fara dubawa.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka ɗauki faifan ka je gidan wani mai garmaho. In lilon ya bi ka, ka san mai laifi.

Ana gyara kaucewar huji?

Ana yi, amma da haƙuri. In hujin yana da ɗan sarari, sai ka bar faranti yana juyawa a hankali da hannu, ka lura da lokacin da allura ta fi fitowa waje, ka tsayar, ka ɗaga allura, ka ɗan tura faifan daga wannan gefe zuwa tsakiya. Ka maimaita har kai-kawon ya mutu. In babu sarari, wasu kan sa ƙaramin zarto mai zagaye su ɗan ci gefen hujin ta ɓangaren da ake bukata. Abin da aka ci ba ya dawowa, kuma masu tara faifai suna rage wa irin wannan kuɗi, don haka faifan da ba a samun irinsa a bar shi yadda yake. In ka yi, sa ɗan ɗigo da fensir a takardar tsakiya don gobe ka san inda za ka tura. Ka tuna kowace fuska da nata.

Ƙaramin faifai mai babban huji, na milimita 38, ya fi sauƙi: cire zoben tsakiya gaba ɗaya ka daidaita da ido.

Kamfanoni ma sun gwada. A farkon shekarun 1980 Nakamichi na Japan ya ƙera TX-1000, sannan Dragon CT. Suna da ƙaramin hannu na biyu da ke auna tsagar ƙarshe ta kusa da takarda, sai na'urar ta matsar da farantin sama har tsagar ta zauna a tsakiya. Tsada ta hana su yaɗuwa, sannan faifan CD ya shigo ya ɗauke hankalin kasuwa. Daga baya DS Audio, shi ma na Japan, ya fito da ES-001, wanda ake ɗorawa a kan ƙusar tsakiya ya auna da haske ya nuna maka a ɗan allo inda za ka tura. Turawar dai da hannunka za ka yi. A ganina, ido da fitila mai kyau suna kai mutum kusa ƙwarai ba tare da wannan kuɗi ba.

Faifaina ya lanƙwashe amma allura ba ta tsalle. Akwai damuwa?

Akwai, sai dai ta danganta da irin lanƙwasar. Wanda ya yi kwano, tsakiyarsa ta tashi ko ta lotsa, allura tana bin sa a hankali, illarsa ita ce allurar ba ta zama a miƙe cikin tsaga, sai bango ɗaya ya fi ɗaya samun matsi. Wanda ya fi ɓarna shi ne mai ɗan tudu a baki, gajere mai kaifi, irin wanda rana ko murfin amfilifaya mai zafi ke yi.

Ta fuskar gudu, ga abin da ke faruwa. Hannun allura a maƙale yake a gindinsa, don haka in tudu ya ɗaga shi ba ya tashi a miƙe, baka yake yi. A yawancin na'urori gindin ya ɗan fi fuskar faifai tsayi, sai wannan baka ta sa allura ta ɗan ja gaba ta koma baya a tsawon tsagar. Gaba da baya a tsaga kuwa canjin gudu ne. Wannan lilon gajere ne, yana zuwa a wuri ɗaya a kowane zagaye, daidai lokacin da ka ga hannun ya yi sama.

Bayan haka nauyin allura ba ya zama ɗaya. Wajen hawa tudu tana nutsewa, wajen gangarowa tana sauƙi. Allurar da aka saita a giram 2, a gangare tana iya rasa riƙon bangon tsaga na ɗan lokaci, sauti ya yi ƙaiƙayi, kuma wannan karo da bango shi ke cinye faifai.

Sai na uku, wanda ba a cika sani ba. Allura tana maƙale ne a ɗan siririn tsinke mai matashin roba a gindinsa. Nauyin hannu da laushin wannan roba suna da wani bugu da suke son yin rawa a kansa. Masu ƙira suna so ya faɗo tsakanin sau 8 zuwa 12 a sakan, sama da motsin lanƙwasa wanda yawanci bai kai 6 ba, ƙasa da kiɗa wanda ke farawa wajen 20. In aka haɗa hannu mai nauyi da kan allura mai laushi, bugun ya sauko wajen 5 ko 6, sai kowane ɗan tudu ya tayar da rawar. Za ka ga kan allura yana kakkaɓi bayan ya wuce tudun, kuma a lokacin sautin duka yana rawa tare da shi. Wani zai yi ta sauya faifai, alhali kan allurar ne bai dace da hannun ba.

Na cire murfin lasifika na ga bakinta yana shiga yana fita ko a wurin da babu kiɗa. Mene ne wannan?

Lanƙwasar ce take gani. Wajen yanka faifai ana rage sauti mai kauri don tsaga ta samu wuri, wajen saurare kuma amfilifaya ta mayar da shi, bisa ƙa'idar da RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ta kafa a 1954. A can ƙasa ƙarin ya kai kusan ninki goma. Amfilifaya ba ta san bambancin ganga da tudun faifai ba, duka take ƙarawa. Kunne ba ya jin wannan motsi, amma yana cin ƙarfin amfilifaya, yana kuma ɓata kiɗan da lasifikar ke ƙoƙarin fitarwa a lokaci guda. In na'urarka tana da maɓallin tace sautin ƙasa da 20 Hz, wato bugu 20 a sakan, kunna shi. In faifan tsoho ne na kafin sitiriyo, maɓallin mono, mai haɗe sautin lasifika biyu ya zama ɗaya, yana kashe mafi yawan wannan motsi, tare da wani kaso na ƙarar datti.

Gaskiya ne ana miƙar da faifai da gilashi biyu a rana?

Ana yi, kuma faya-fayai da dama sun mutu a haka. Robar faifai tana fara laushi wajen digiri 60. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu da inuwa ma ke haura 40, baƙin faifai tsakanin gilashi biyu a rana zai wuce wannan cikin ɗan lokaci, kuma ba ka da hanyar sanin ya wuce. Yana iya fitowa a miƙe sumul, amma tsagar ta baje ko ta zama ƙwai maimakon da'ira. Ka kawar da lanƙwasa ka sayo lilon da ba shi da magani.

Hanya mai aminci ita ce ta sanyi: faifai cikin rigarsa, tsakanin abu biyu masu shafaffen jiki, nauyi a sama, a ɗaki mai inuwa, makonni ko watanni. Ba kullum take ci ba. Akwai injinan miƙarwa da ke ɗumamawa a hankali su huce a hankali cikin awoyi, su ne abin dogaro in faifan mai daraja ne. Ga wanda ya yi kwano, maƙalli ko ɗan nauyi da ake ɗorawa a tsakiya yakan kwantar da fuska ɗaya. Sai dai kada ka ɗora nauyin rabin kilo a ƙaramar na'ura mai siririn bel, boris ɗinta ba don haka aka yi shi ba.

Rigakafin dai sananne ne. A jera su a tsaye, ba a jingine ba, ba a kwance bisa juna ba. Nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka, nesa da rufin kwano. Kada a bar faifai a mota ko na zuwa sallah a dawo ne.

Faifai mai nauyin giram 180 ya fi tsayuwar gudu?

A'a. Zurfin tsaga tun wajen yanka aka ƙayyade shi, kaurin roba ba ya ƙara shi, kuma hatimin da ya karkace zai karkatar da mai kauri kamar yadda zai yi wa siriri. Faifan da aka saba da shi giram 120 zuwa 140 ne. RCA ma ya taɓa yin sirara ƙwarai da sunan Dynaflex tun daga ƙarshen shekarun 1960, kuma bayan tashin farashin mai na 1973 kamfanoni da yawa sun rage kauri sun koma haɗawa da tsohuwar roba, abin da ya ƙara ƙara a wasu bugun na lokacin. Mai kauri ya fi daɗin riƙewa, ya fi jure ajiya. Amma yana bukatar lokaci mai tsawo kafin ya huce a masana'anta, in aka yi gaggawar cire shi, a lanƙwashe zai iso maka cikin ledarsa.

Datti zai iya rage gudun faranti?

Kaɗan ƙwarai. Allura tana jan faifai baya koyaushe, kuma jan yana ƙaruwa a wurin da kiɗa ya yi ƙarfi ko tsaga ta yi danƙo. A na'ura mai faranti mara nauyi da sakakken bel ana iya auna wannan. A mai faranti mai nauyi, ko wadda injinta ke juya faranti kai tsaye yana gyara kansa, ba abin da za ka ji. Ɓarnar datti a sauti take, ba a gudu ba.

Wannan ƙas-ƙas da tas-tas fa? Duk datti ne?

Ba duka ba, kuma kowanne da alamarsa. Tas guda da ke dawowa duk sakan 1.8 karce ne da ya ratsa tsagogi, wanki ba ya cire shi. Ƙas-ƙas da ke warwatse ko'ina ƙura ce ko funfuna. Faɗin tsaga bai wuce kaurin gashin kai ba, kuma a fuska ɗaya allura tana tafiyar da ta haura mita 400 a cikinta, don haka ƙwayar ƙurar hunturu babban abu ce a wurin. Tartsatsi mai kaifi da ke zuwa ba ƙa'ida, musamman in ka ga shimfiɗar faranti tana manne wa faifai in ka ɗaga shi, wutar gogayya ce, wadda ke tashi a bargo da daddare lokacin sanyi. Busasshiyar iska ce ke kawo ta, kuma ita ce ke janyo ƙurar. Da damina sai ta lafa, funfuna ta karɓi aiki.

Akwai kuma ƙarar yagewa, gajera, sau da yawa a lasifika ɗaya, a sabon faifai fil. Wannan robar ce ba ta cika hatimi ba wajen bugawa. Ba ta wankuwa, mayar wa mai shago.

Wanki da tataccen ruwa ake yi, wanda aka turara aka tara, da ɗigon sabulun ruwa mara turare, a bi tsaga da burushi mai laushi, a ɗauraye, a bar shi ya bushe a tsaye. Ruwan rijiya da na leda suna barin gishiri a tsaga. In za ka sayi ruwan batir ka tabbata tataccen ne ba mai asid ba. Tsohon faifai mai zagaye 78 kuwa, mai nauyi mai fashewa, da wani irin ƙaro mai suna shalak aka yi shi, sifirit yana narkar da shi. Kada ya kusance shi.

Me ya sa waƙar ƙarshe kullum ta fi ƙazanta, harafin "s" yana tsatsa?

Wannan ba aibin faifanka ba ne kaɗai, haka tsarin yake. Faranti yana juyi ɗaya, amma a baki tsaga tana wuce allura da santimita 51 a sakan, a ciki kuma 21 kacal. Kiɗan sakan ɗaya dole ya matsu a ƙasa da rabin wurin da ya samu a farko. Lanƙwasoshin sauti mai kaifi sai su yi ƙanƙanta har allura mai zagayayyen baki ta kasa shiga cikinsu. Allura mai siririn baki, irin wadda Norio Shibata ya ƙera a JVC a farkon shekarun 1970 da waɗanda suka biyo bayanta, ta fi iya bi. Saita kan allura daidai yana rage matsalar sosai. In kuma wani ya riga ya yi ta juya faifan da dakusasshiyar allura, ɓarnar ta zauna a bango, kuma a nan ciki ta fi yawa. Allurar lu'ulu'u ta yau da kullum a canza ta bayan awa 500 zuwa 1,000.

Allura tana tsalle. In ɗora mata kwabo?

Kada ka ɗora. Tsohon garmaho da ake wanawa da hannu, mai allurar ƙarfe, ya saba da nauyi, na zamani giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi yawancinsu ke so. Kwabo zai danne tsinken ya kashe robarsa, ya kuma nome tsagar. Duba ko wani abu ne ya maƙale a wurin, sau da yawa ɗan busasshen datti ne da tsinken sakace zai ɗauke a hankali. Duba ko teburin a daidai yake. Sannan ka saita nauyi a iyakar sama ta abin da kamfanin allurar ya yarda, ba tare da ka wuce ta ba, domin rashin nauyi ya fi ɗan ƙarinsa ɓarna.

Nawa ba lilo yake ba, duk waƙar ce ta yi nauyi, mawaƙi kamar bai farka ba.

Wannan ba faifai ba ne. In na'urar ta gwanjo ce daga Amurka, duba bayanta. Injin wasu na'urori yana ɗaukar gudunsa ne daga bugun wutar lantarki, can 60 Hz, a Najeriya da Nijar da Gana 50. Taransifoma tana sauke ƙarfin wuta zuwa volt 120, amma ba ta taɓa bugun. Sai faranti ya yi zagaye 27.8 maimakon 33⅓, murya ta sauka da kusan maɓalli uku. Maganinsa a canza ɗan ƙarfen da ke bakin inji wanda bel ke zagayawa zuwa na 50. Kayan Japan sai an duba da kyau, domin gabashin ƙasar 50 ne, yammaci 60.

Irin wannan inji a kan janareta ma haka yake. Janareta ya yi 52, waƙa ta ƙara sauri da kashi 4. Firji ya tashi, janareta ya nisa, waƙa ta nisa tare da shi. Sitabilaiza ba ta gyara wannan. Abin haushi, ɗige-ɗigen gefen faranti da ake duba gudu da su za su nuna maka komai daidai, in fitilarsu daga wutar gidan take ɗaukar bugu, tunda ita da injin tare suke kuskuren. Na'ura mai agogon kwatz a ciki ba ruwanta da wannan, kuma ga mai zama da janareta ita ce zaɓi.

Manhajar waya da ake ɗorawa a faranti tana da amfani?

Tana gaya maka ko faranti yana 33⅓ ko ya kauce, wannan kam. Amma ba ta san komai game da faifai ba, kuma nauyin wayar a gefe ɗaya yana iya ɓata awon. Faifan gwaji mai sautin 3,150 Hz ya fi ta, sai dai shi ma faifai ne mai huji. In ka ga awonsa yana hawa da sauka sau ɗaya a zagaye, daidaita shi tukuna kafin ka zagi na'urarka.

Zai yiwu faifai lafiya, na'ura lafiya, amma gudun ba daidai ba?

Zai yiwu, in kuskuren tun daga ɗakin ɗauka ne. Sanannen misali shi ne faifan Kind of Blue na makaɗi Miles Davis, na 1959. Rikodar da ta ɗauki waƙoƙi uku na fuskar farko tana ɗan jinkiri, sai suka fito da ɗan sauri, murya ta ɗan yi sama. Haka duniya ta saurare su fiye da shekara talatin, sai a 1992 aka gyara. Faya-fayan 78 na farko-farko ma ba duka ne 78 ba, kafin tsakiyar shekarun 1920 kowane kamfani da nasa gudun. Mai irin waɗannan yana bukatar na'ura mai maɓallin ƙara gudu da ragewa, da allura mai kauri ta musamman, domin tsagarsu ta ninka ta faifan roba kusan sau uku.

Ina so in kwafe tsofaffin faya-fayan gidanmu zuwa kwamfuta. Me zan fara yi?

Wanki, sannan daidaita tsakiya, fuska bayan fuska, kafin ka danna ɗauka. Tas-tas da ƙas-ƙas manhaja tana cire su cikin sauƙi daga baya, ko da ta kyauta irin Audacity. Gudun da ya kauce gaba ɗaya shi ma gyaransa lissafi ɗaya ne. Lilo ne mai wuya, domin ya shiga cikin kowace murya, kuma ƙarfinsa yana canzawa daga farkon fuska zuwa ƙarshe. Akwai manhajoji irin Capstan na kamfanin Celemony da ke bin muryoyin kiɗa su miƙar da su, amma suna da tsada, kuma a kiɗan da murya ke hawa da sauka da gangan, irin na kalangu da goge, suna iya ɗaukar gwanintar makaɗi a matsayin kuskure su goge ta. Ka ajiye kwafin farko yadda ya fito ba tare da taɓawa ba, ka yi gyare-gyarenka a kan na biyu, ka kuma ɗauki hoton takardar tsakiya da lambobin da aka karta a robar kusa da ita, domin su ne ke nuna bugun da faifan ya fito daga ciki.